Igiyar Da Za A Rataya Wa Rai

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a nan Dukku)



 Mu dai ba ma'abota jawabi ba ne. Iyakar karatunmu Islamiyya, sai kuma abin da kasuwa ta koya mana cikin shekara talatin da wani abu. Shugabanni ne suka ce lalle mu tsaya mu yi bayani, mu kuwa ba ma ƙin umarnin manya.

Dalilin tsayuwar kowa ya sani. Tun da muka dawo daga Jos a watan Janairu na 2025, wani ɗan hoton bidiyo yake yawo a wayoyin garin nan, wanda ake ganin wani dattijo mai furfura yana reto a jikin dutse kamar guga. To, ba sai an ci gaba da raɗa ba, mu ne. An yi dariya, mu ma mun yi. Amma dariyar ta tsaya ranar da yara biyu suka zo rumfarmu suka ce a auna masu yadi ashirin na igiyar leda, irin shuɗiyar nan ta ɗaure kaya. Muka ce akuya za ku ɗaure? Suka ce a'a, irin abin da Alhaji ya yi za su gwada. Muka hana su, ashe sun samu a wani wuri. Ɗayansu ya kwana biyu ba ya iya riƙe cokali don igiya ta sale masa tafin hannu, ya kuma yi targaɗe a ƙafa. Allah Ya taƙaita, abin bai kai ga karaya ba. Tun da mu muka jawo, wajibinmu ne mu faɗi abin da hoton bai nuna ba.

Ga yadda abin ya faru. Bikin 'yar ƙanenmu ne ya kai mu Jos, mu da uwargida da yara uku. Muka tashi daga nan muka bi ta Rijau da Kontagora, muka wuce Tegina da Zungeru muka kwana a Minna. Kashegari muka bi ta Suleja, inda yara suka ga Dutsen Zuma ido da ido, wanda da can sai a jikin takardar naira ɗari suke ganinsa. Daga nan sai Keffi, Akwanga, muka haura Hawan Kibo muka shiga Jos cikin wani irin sanyi da bai san babbar riga ba.

Babban ɗanmu, wanda kun san al'ada ba za ta bar mu mu kama sunansa ba, can yake karatu, kuma ya daɗe cikin ƙungiyar nan ta Man O' War. Da aka gama biki sai ya ce yana so ya kai mu duwatsun Shere, gabas da gari kaɗan, mu ga irin horon da ake ba su. Duwatsun nan suna cikin mafiya tsawo a ƙasar Filato, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800 daga doron teku. A nan ne Gwamnatin Tarayya take da makarantar horar da 'yan ƙasa da koyar da shugabanci. Asalinta wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Alec Dickson ne ya kafa ta a 1951, a bakin teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe a ƙasar Kamaru. Sunan wannan gaɓar teku, watau Man O' War, shi ne ya bi ƙungiyar har yau.

Mu mun ɗauka kallo za mu je. Sai da muka isa gindin wani dutse, tsawonsa zai yi bene mai hawa huɗu, muka tarar da masu horarwa biyu da jakunkunan kaya, sa'an nan yaron ya ce ai ya riga ya shirya da su, duk wanda yake so a cikinmu zai sauka da igiya. Uwargida ta dube mu ta ce, “Alhaji, da girmanka?” Muka ce mu ma abin da muke tunani ke nan. Sai auta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta ce ita za ta yi. To jama'a, yaya uba zai bar 'yarsa ta rataya a kan abin da shi bai yarda ya rataya a kai ba? Wannan shi ya kai mu saman dutsen, ba jarumtaka ba.

Kafin a taɓa kome, babban mai horarwar ya zaunar da mu wajen awa guda yana bayani. Turawa suna kiran abin nan abselin, kalmar daga Jamusanci take, ma'anarta sauka da igiya. Ba don wasa aka ƙirƙiro shi ba. Wani mai yi wa mahaya duwatsu jagora a garin Chamonix na Faransa, Jean Charlet-Straton, shi ake danganta wa dabarar. A 1876 ya gwada hawan wani tsauni mai suna Petit Dru shi kaɗai, bai kai ƙarshe ba, dole ya nemi hanyar dawowa ƙasa da ransa. A 1879 ya koma da abokan tafiya biyu suka kai ƙololuwa, suka sauko da igiya. Yau sojoji suna amfani da dabarar, da 'yan kwana-kwana, da masu gyaran dogayen gine-gine da turakun sadarwa.

Da aka zo kan igiya sai muka gyara zama, don nan fagenmu ne. Mun sayar da igiyar rama, mun sayar da ta kaba, mun sayar da ta leda dila-dila. Muka karɓi tasu muka murza a hannu, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, wajen milimita goma sha ɗaya. Muka ce, “Malam, ai muna da wadda ta fi wannan kauri a rumfa.” Ya yi murmushi, ya ɗauko wani guntu da aka yanka ya nuna mana. Ashe hawa biyu ce. Akwai hanji a ciki, zaruruwan nailan masu yawa, su ke ɗaukar nauyi, sai kuma riga saƙaƙƙiya a waje mai kare su daga kaifin dutse. Wani kamfanin Jamus mai suna Edelrid ne ya fito da irin wannan saƙa a 1953. Ƙa'idar da Turai ta sa wa irin igiyar da muka sauka da ita, sai ta iya ɗaukar sama da kilo 2,200 kafin ta tsinke. Ku lissafa, buhun siminti arba'in da huɗu ke nan.

Muka ce to mutumin da bai kai buhu biyu ba, me zai yi da ƙarfin buhu arba'in da huɗu? Ya ce lissafin ba haka yake ba. Duk inda aka yi ƙulli, igiya tana rasa wani kaso na ƙarfinta, yakan kai kashi ɗaya cikin uku. In ta gogi bakin dutse ta ƙara raguwa. In mutum ya zame ya fizge ta, nauyin da zai sauka a kanta ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Saboda haka rarar nan ba almubazzaranci ba ce, ita ce ran mutum.

Game da tamu ta leda kuwa, ku saurara da kyau, don mai sayar da ita ne yake gaya maku. Zafin da zai narkar da ita bai wuce digiri 165 ba, alhali nailan sai ya haura 200. Tana da santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta sosai. Rana tana cinye ta, kun sha ganin wadda ta daɗe a kan mota tana zubar da gari in an murza. Ta ɗaure buhu ce da shanya da turke akuya. Ba a yi ta don rai ba, kuma babu wanda ya gwada ta don rai.

Wani abin da ya tayar mana da hankali shi ne maganar ruwan batir. Ya ce in ya taɓa igiyar nailan yakan cinye hanjinta, rigar waje kuwa tana nan kamar sabuwa, ido ba zai gane ba. Mu da muke loda batir da igiya da jarkar fetur a bayan mota ɗaya, sai jikinmu ya yi sanyi. Shi ya sa su ba sa sayen igiyar gwanjo, ba sa aron wadda ba su san tarihinta ba, ba sa taka ta da takalmi. Masu ƙera ta ma sun ce ko ba a taɓa amfani da ita ba, in ta shekara goma a yi ritaya da ita.

Sauran kayan su ne ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, hular kwano saboda tsakuwar da kan faɗo daga sama, safar hannu ta fata, da zoben ƙarfe mai 'yar ƙofa wadda ake murɗa wa makulli. Sai wani ƙarfe mai siffar lamba 8, wanda ake zagaya igiyar a jikinsa. Gugar da igiya take yi da ƙarfen nan ita ce birki. Hannun da ke riƙe da igiyar ta ƙasa, wajen ƙugu, shi ke sarrafa shi: ka ja ƙasa ka tsaya cik, ka sassauta ka tafi a hankali. Wannan hannu ba a sakinsa ko da rina ce ta harbe ka. A sama kuma an ɗaure igiyar a turke biyu, ba ɗaya ba, don in guda ya ci amana ɗayan ya riƙe. Bayan wannan akwai igiya ta biyu a jikin ɗamarar kowane ɗan koyo, wadda mai horarwa yake riƙe da ita daga sama. Shi kansa in zai sauka sai ya naɗa wata 'yar siririyar igiya a jikin babbar, da wani ƙulli da ke shaƙe ta da zarar an sake shi. Wani mutumin Ostiriya, Karl Prusik, shi ya fito da ƙullin a 1931, sunansa ake kiransa da shi.

Sai maganar sutura, wadda ta shafe mu kai tsaye. Ƙarfen nan yana haɗiye duk abin da ya matso kusa da shi, ko gashi, ko gemu, ko bakin mayafi, ko hannun babbar riga. In ya kama, mutum zai maƙale a tsakiyar dutse, ba sama ba ƙasa. Dole muka tuɓe babbar riga muka saura da 'yar ciki da wando. Auta kuwa uwarta ce ta cusa mata hijabi cikin rigar sanyi ta ja zif har wuya, ta sa mata wando a ƙarƙashin doguwar riga. Babu namijin da ya taɓa ta, uwar ce ta ɗaura mata ɗamara, mai horarwa yana nuni daga nesa, wanta kuma ya duba. Mun faɗi wannan ne don iyayen da za su ce abin bai dace da 'ya'ya mata ba. Ana iya yi cikin sutura da mutunci, in an shirya.

Yanzu ga wurin da muke so kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Ƙa'idarsu ita ce, kome ƙwarewarka, ba ka matsawa bakin dutse sai wani ya duba ka daga sama har ƙasa, ya taɓa kowane abu da hannunsa. Mu muka ɗaura ɗamararmu, muka maƙala zobe, muka ga kome ya yi daidai. Yaron nan ya matso zai duba, sai girman kai irin na uba ya motsa. Muka ce masa, “Kai, tun ba a haife ka ba muke ɗaure kaya a kan mota. Matsa.” Bai matsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, ba za ku sauka ba sai na duba.” A gaban mutane! Ranmu ya ɓaci, amma muka tsaya. Ya kai hannu kan zoben, ya danna 'yar ƙofar, sai ga ta ta buɗe. Ashe mun maƙala amma ba mu murɗa makullin ba. Ya murɗa, ya sake dannawa, ya ce, “Yanzu ya yi.” Bai ƙara kome ba, mu ma ba mu ce kome ba.

Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Gaskiya ne a wurare da yawa. Amma ran nan abin yana jikinmu, a ƙasan cibiyarmu, ba mu gan shi ba sai yaro ne ya gani. Kada kuma wani ya ce ai don mu 'yan koyo ne. A watan Nuwamba na 2019 wani Ba'amurke mai suna Brad Gobright, ɗan shekara 31, wanda duniya ta san shi a gwanintar hawan dutse, ya rasu a ƙasar Meziko yana cikin sauka. Igiya ce ta ƙare masa ya zame ta ƙarshenta, don ba a yi mata ƙulli a wutsiya ba. Ƙullin da bai fi a yi shi cikin daƙiƙa biyar ba. Ba tsoro ke kashe mutum a wannan abu ba, mai tsoro ai dubawa yake yi. Sabo ne da gaggawa da “na iya”.

Saukar kanta ba za mu ɓoye maku ba, akwai wuya a farko. Mutum zai juya wa rami baya, ya dasa ƙafafu a bakin dutse ya ware su, sa'an nan a ce ya kwanta baya a kan iska. Duk jikinka yana ce maka kada ka yi. Gwiwoyinmu suka riƙa kaɗawa, muka yi ta salati, mun kai minti biyar a wurin. Mai horarwar bai gaggauta mu ba, cewa kawai yake, “Alhaji, zauna cikin ɗamarar kamar kujera, ka dubi ƙafarka, kada ka dubi ƙasa.” Da muka saki nauyinmu muka ji igiya ta ɗauka, sai zuciya ta kwanta. Daga nan tafiya ce da baya, taku ɗaya bayan ɗaya, ba tsalle irin na fim. Ba mu yi minti uku ba muka taka ƙasa. Auta ta biyo baya, ko tsayawa ba ta yi ba a bakin. Yaron tsakiya, wanda ya fi kowa cika baki a mota, ya leƙa ya ce shi ya fasa. Babu wanda ya yi masa dariya, mai horarwar ma cewa ya yi wanda ya san iyakarsa ya fi wanda aka tura. Uwargida tana ƙasa da carbi, ita ta ɗauki hoton da ya jawo mana wannan tsayuwa.

To, me muka kawo gida? Abu uku muke roƙo.

Na farko gare ku samari. Muna da duwatsu kewaye da mu, muna da manyan itatuwa, mun san jini yana tafasa. Ba mu ce sha'awar laifi ba ce. Amma abin da kuka gani na minti uku, bayansa akwai awa guda ta karatu, da igiya biyu, da turke biyu, da mutum uku masu duba juna. In babu waɗannan, abin da kuke yi ba shi ne muka yi ba. Malamanmu suna nan zaune, sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar sababi, kuma ba a yarda mutum ya kai kansa ga halaka ba. Ga kuma halin tsaro da ƙasar Rijau ta shiga a 'yan shekarun nan, ba lokacin shiga duwatsu ba ne ba da sanin iyaye da masu gari ba. Ku tuna kuma iyayenmu fatauci ya kawo su nan, Dukkawa suka karɓe su. Duwatsun nan suna da masu su, akwai wuraren da suke girmamawa, ba a hawa sai an tambaya.

Na biyu gare mu 'yan kasuwa. Duk wanda yaro ya zo masa sayen igiya mai tsawo, ya tambaye shi me zai yi da ita. Ribar yadi ashirin ba ta kai kuɗin ɗori ba, balle abin da ya fi ɗori.

Na uku shi ya fi damunmu. In an duba, mu ma muna da masu sauka da igiya tun kaka da kakanni, watau masu haƙar rijiya da masu yasa. Sau nawa muka ga an zura mutum gaba goma da igiyar guga wadda ta shekara a rana, mutum ɗaya tak yana riƙe da ita a hannu, ba a ɗaure ta a kome ba? Kuma a rijiya ba faɗuwa ce kaɗai matsala ba. Iskar ƙasan tsohuwar rijiya takan lalace, mutum ya suma ba tare da ya ji warin kome ba. Dabarar magabata ta zura fitila a ga ko za ta mutu tana da amfani, in ta mutu kada kowa ya shiga. Amma fitila ba ta gane hayaƙin injin ban-ruwa ko janareta, wanda yake kisa shiru, don haka kada a tayar da inji a cikin rijiya ko dab da bakinta in akwai mutum ciki. In kuwa wani ya suma a ƙasa, kada ɗan'uwansa ya yi kukan kura ya bi shi, haka ake rasa biyu da uku a rami ɗaya. Da mai shiga yana da ɗamara da igiya ta biyu a jikinsa, daga sama za a jawo shi ba sai an shiga ba.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara ta sayi igiya ta gaske guda biyu, da ɗamara biyu, da hular kwano, sababbi daga hannun da aka amince da shi. A ajiye su wurin mutum ɗaya mai amana, a inuwa, nesa da batir da fetur, a riƙa rubuta ranar da aka yi amfani da su. Sa'an nan a zaɓi samari biyu masu natsuwa a tura su su sami horo a inda ake koyarwa, su dawo su koya wa masu yasar rijiyarmu. Mu mun ɗauki nauyin igiya ɗaya. Ɗanmu kuma ya ce in ya zo hutu zai zauna da duk mai son ganin yadda ake ƙulli da ɗamara, a ƙasa, a filin makaranta, ba a kan dutse ba.

Wanda ya tambaye mu ko za mu sake, amsa ita ce e, in an sami kaya da masu horarwa irin waɗancan. Mun daɗe ba mu yi wuni guda da iyalinmu muna dariya ɗaya kamar ran nan ba. Amma ko gobe aka ce mu koma, sai mun tsaya yaro ya duba mu.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah Ya kiyaye mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya bar zumunci tsakaninmu da maƙwabtanmu.